Jakar Kayan Jariri: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya leƙa sashen awo ko na allurar rigakafi a asibitocin Abuja, ko na Wuse ne, ko Asokoro, ko Kubwa, ko Nyanya, zai tarar da abu guda wanda ya zama ruwan dare: kowace mai jego tana goye da ɗanta a baya, tana kuma rataye da jaka a kafaɗa. Wata jakar ta kanti ce mai aljihuna da yawa, wata ɗinkin tela ce ta atamfa, wata kuwa tsohuwar jakar makaranta ce da aka wanke aka sake wa aiki.

Akwai dattawan da ke kallon wannan jaka a matsayin ƙwalisa irin ta 'yan zamani. Hujjarsu ita ce iyayenmu mata sun reni 'ya'ya takwas, wasu har goma, ba su taɓa rataya jaka saboda jariri ba. Maganarsu gaskiya ce. Sai dai zaman da aka yi wancan reno a cikinsa daban yake da zaman da sababbin ma'aurata ke yi yau a Abuja, Bahaushe kuwa ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Yadda Ake Jego A Gida

A al'adar Hausawa, yarinya mai cikin fari ba ta haihuwa a ɗakinta. Da zarar ciki ya kai wata bakwai ko takwas sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. A can ungozoma za ta karɓi haihuwa, a can za a yi wankan jego safe da yamma, a can za a dama kunun kanwa, ba za ta koma gidan miji ba sai bayan arba'in, wani lokaci ma har ta zarce haka.

A cikin waɗannan kwanaki mai jego ba ta da inda za ta. Duk abin da jariri ke bukata yana cikin ɗaki, kusa da hannu. An riga an yayyaga tsofaffin zannuwa masu laushi an yi tsummokan ƙunzugu, ga majanyi, ga zanen goyo, ga ruwan zafi a kan murhu. In tsumma ya ƙare akwai goggo da za ta wanke, in yaro ya dame ta da kuka akwai kaka da za ta karɓe shi, in wani abu ya yanke akwai maƙwabciyar da za a aika wurinta. Watau dai gida da dangi su ne ma'ajiyar kayan jariri, shi ya sa ba a bukaci wata jaka ba.

Abuja Garin Baƙi

Abuja gari ne da aka gina da gangan. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ran 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a sabon birnin. In an ɗebe Gbagyi da sauran ƙabilun da aka tarar a wurin, yawancin mazauna Abuja aiki ne ko fatauci ya kawo su. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 1.4 a yankin birnin tarayya, tun daga lokacin kuwa jama'a ba su daina kwararowa ba.

Saboda haka ne za a ga saurayi daga Katsina ya auro yarinya daga Gusau, sun kama ɗaki biyu a Kubwa ko Lugbe, babu uwa kusa, babu goggo, maƙwabcin da ke jikin bangonsu ma sai a yi wata ba a gaisa ba. Wasu har yanzu suna tura matansu gida goyon ciki, amma matar da ke aikin gwamnati ko na kamfani ba ta da wannan sarari kullum, wasu kuma sun fi son haihuwa a asibitin da suka yi awo.

Ga kuma nisa. Tsadar haya a Maitama da Wuse da Garki ta kora masu ƙaramin ƙarfi zuwa garuruwan gefe. Kubwa ta fi kilomita 20 daga tsakiyar gari, Gwagwalada, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yake, ta fi kilomita 50. Dubban ma'aikata ma ba a cikin yankin suke kwana ba, suna Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Wanda ya san cunkoson motoci na hanyar Nyanya da safe ya san tafiyar minti 20 tana iya cinye awa biyu. Tun 2006 aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin, tun kuma da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka. Wanda ya manto abu a gida ba zai ce bari ya koma ya ɗauko ba.

A irin wannan zama, jakar jariri ita ce ɗakin jego da aka naɗe aka rataya a kafaɗa. Abin da kaka da goggo da maƙwabciya za su miƙo a gida, a Abuja sai dai jaka ta miƙo shi.

Jakar Ranar Naƙuda

Jaka iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda ake haɗawa tun kafin haihuwa. Ranar da likita ya rubuta a katin awo kirdado ce kawai, domin cikin jarirai 20 kusan 1 ne ke zuwa a kan wannan rana daidai. Haihuwa tana iya zuwa kowane lokaci daga mako na 37, wani jaririn ma yakan riga haka. Don haka ma'aikatan jinya ke ba da shawarar a gama haɗa kaya kafin ciki ya cika mako 36, a ajiye jakar inda kowa a gidan ya sani.

Dalilin wannan shawara ya wuce neman sauƙi. A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun wallafa nazari a kan abin da ke kashe mata wajen haihuwa, suka nuna jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ke rasa rayukansu, a cikin kowane jarirai 1,000 kuma 39 ba sa cika wata guda a duniya. Binciken ya kuma nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, ko da yake a Abuja adadin ya fi haka.

Jakar da aka haɗa tun da wuri tana rage jinkirin nan duka uku. Matar da kayanta ke shirye ba ta jin nauyin cewa a tafi, maigida ba zai tsaya lalube cikin duhu ba, in an isa asibiti kuma ba za a tura shi neman safar hannu da ƙarfe biyu na dare ba, lokacin da shagunan magani na unguwa suka rufe.

Kowane asibiti yana da jerin kayan da yake so a zo da su, ana kuma bayar da shi a wurin awo, saboda haka jerin Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999 a matsayin asibitin mata da yara, ba lalle ne ya zama ɗaya da na ƙaramin asibitin unguwa a Kuje ko Bwari ba. Amma akwai abubuwan da kusan ko'ina ake nema: katin awo da sakamakon gwaje-gwaje, zannuwa tsofaffi masu tsabta, audugar mata mai kauri, safar hannu, shimfiɗar roba, auduga, sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Na jariri kuwa akwai riguna masu laushi, hula, safa, tawul, mayafi da ƙunzugu. Hula da mayafi ba ado ba ne a wannan rana, domin jariri sabon haihuwa yana saurin yin sanyi, musamman da hunturu ko da damina.

Abubuwa uku kuma ba a ganinsu a jeri, alhali sun fi sauran muhimmanci: kuɗin da aka ware aka ɓoye a aljihun jakar, lambar wayar mai motar da aka yi magana da shi tun tuni, da sunan wanda ya yarda zai ba da jini in bukata ta taso.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan shiri aikin hukuma. A ƙasar Finlan ta arewacin Turai, tun 1938 gwamnati ke bai wa mata masu ciki marasa hali kwali cike da kayan jariri, a 1949 aka mai da shi na kowa da kowa, bisa sharaɗin mace ta je awo kafin ciki ya wuce wata huɗu. A Yuganda an soma raba ƙunshin da suke kira Maama Kit a 2003, mai ɗauke da shimfiɗar roba, sabulu, reza, safar hannu, auduga da zaren ɗaure cibiya. Dabarar ɗaya ce: kayan su jawo mace asibiti, su kuma tabbatar an karɓi haihuwa cikin tsabta.

Jakar Yau Da Kullum

Jaka ta biyu ita ce wadda za ta bi yaro har ya yi wayo. Mai jego a Abuja ba ta samun zaman arba'in cur a ɗaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri a ranar farko, da kwana na 2 zuwa 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na 6. Ga allurar rigakafi, wadda kyauta ake yi a asibitocin gwamnati: da haihuwa akwai ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, a mako na 6 da na 10 da na 14 akwai ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da namoniya, tare da ɗigon rigakafin gudawa da aka ƙara a 2022, a wata 9 akwai ta ƙyanda da zazzaɓin shawara da sanƙarau, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Kowace fita daga cikin waɗannan, in aka haɗa hanya da layi, tana iya cinye rabin yini.

A cikin rabin yinin nan jariri ba ya jiran kowa. A makonnin farko yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, akan kuma canja masa ƙunzugu kusan sau 8 zuwa 10. In aka bar shi cikin fitsari da kashi, fatar cinyoyinsa da mazaunansa takan yi ja ta saɓe, zafin Abuja na watan Maris da Afrilu kuwa ƙara abin yake yi. Saboda haka ya kamata jaka ta ƙunshi ƙunzugu aƙalla huɗu ko biyar, da auduga da ɗan ruwa mai tsabta a gora ko tsumman goge jiki, da man basilin, da 'yar shimfiɗa da za a kwantar da shi a kai maimakon bencin asibiti da kowa ya zauna, da kaya canji biyu, da ƙarin zane guda. A sa sabulu ƙarami don wanke hannu bayan canji, domin ta hannu ne ƙwayoyin gudawa suka fi isa bakin yaro. A sa leda ta ƙulle abin da ya ɓaci. Kada uwa ta manta da kanta: ruwan sha, ɗan abin taɓawa, da rigar canji.

Katin rigakafi kuwa ya cancanci aljihu nasa na musamman, a cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. A jikinsa ake rubuta allurar da aka yi da ranar da za a dawo, a jikinsa ake zana nauyin yaro wata bayan wata. Iyalin da suka tashi daga Kubwa suka koma Kano, ko suka tafi gida hutun salla, katin nan ne kawai zai gaya wa ma'aikaciyar can inda aka tsaya.

Abin Da Bai Kamata Ya Shiga Ba

Sanin abin da za a bari a waje daidai yake da sanin abin da za a saka. Na farko shi ne kafur, wanda mata ke jefawa cikin akwati don ƙamshi da korar kyankyasai. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da wani rauni na gado a jini, wanda in suka shaƙi kafur ko suka sa kayan da ya kama, jininsu yakan farfashe, ido da fata su yi rawaya. Irin wannan shawara ta jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Duk jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti za a kai shi a ranar, shanya shi a rana ba magani ba ne.

Na biyu shi ne abubuwan da ake shafa wa cibiya, kamar man goge baki, toka, ko man zafi. Ta cibiya ƙwayoyin cuta ke shiga jinin jariri. Abin da hukumomin lafiya na ƙasar nan suka amince da shi shi ne man kuloheksidin da ake shafawa a cibiya kamar yadda ma'aikaciya ta nuna. A kiyaye ƙwarai kada ya shiga ido, domin yana makantarwa, saboda haka kada a ajiye shi aljihu ɗaya da maganin ɗigon ido.

Na uku shi ne madarar gwangwani da aka haɗa tun daga gida aka zuba a bulumboti. Madarar da ta wuce awa biyu a zafin gari ta zama gonar ƙwayoyin cuta. Abin da likitoci suka fi so shi ne nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, tun daga dakashin farko, binciken 2018 kuwa ya nuna kashi 29 cikin 100 na jariran ƙasar nan ne kawai ke samun haka. Wadda larura ta sa dole ta ba da madara, sai ta riƙe tafasasshen ruwa a filas da garin madara daban, ta haɗa a lokacin da za a sha.

Hoda ma a yi hattara da ita, domin ƙurarta tana shiga huhun jariri. Ledar da aka tanada kuma a ajiye ta nesa da hannunsa, kada ya rufe fuska da ita.

Batun Tsada

Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ne ya fito da ƙunzugun Pampers a 1961, sunan ya bi bakin mutane har kowane irin ƙunzugun yarwa Bahaushe famfas yake ce masa. A Disamba 2023 kamfanin ya sanar da daina sarrafa kaya a Nijeriya, a 2024 kuma kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Haɗe da faɗuwar darajar naira, famfas ya zama kaya mai nauyi ga albashin ƙaramin ma'aikaci, har wasu iyaye suna barin guda ɗaya a jikin yaro tun safe har azahar don tsimi. Wannan tsimi asara ne, domin kuɗin maganin ƙuraje ya fi na ƙunzugu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Gidaje da yawa sun koma amfani da nafkin ko tsumman auduga a gida, a wanke da sabulu a shanya a rana, a bar famfas sai ranar fita da dare. Ita kanta jakar ba sai an sayi mai tsada ba. Abin da ake bukata shi ne ta kasance mai wankuwa, mai zik da ke rufewa, mai aljihu uku ko huɗu don a raba mai tsabta da mai datti, mai igiya mai faɗi da za ta bar hannuwa biyu a sake. Tela a kasuwar Wuse ko Karmo zai ɗinka irinta da yadi ɗaya da 'yar leda a ciki.

Famfas da aka yi amfani da shi kuwa a naɗe shi, a ƙulle a leda, a kai kwandon shara. Jefa shi a kwata ko bayan katanga yana toshe magudanar ruwa da damina, yana kuma tara ƙudaje a unguwar da yaron nan kansa zai yi rarrafe.

Rabon Maigida

A gida, harkar jego ta mata ce, maigida nasa itace ne da ragon suna da cefane. A Abuja kuwa sau da yawa babu wata mace a gidan sai mai jegon kanta. Gwamnatin Tarayya ta lura da haka, domin a 2021 ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza da aka yi wa haihuwa, ban da hutun haihuwa da mata ke samu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da aka yi wa tiyata, ko wadda ta kwana ba barci, bai kamata a bar ta da goyo a baya da jaka a kafaɗa da neman mota a bakin titi ba. Maigidan da ya san aljihun da kati yake, ya san yadda ake canja ƙunzugu, ya kuma saba duba jakar kowane dare yana mayar da abin da ya ƙare, shi ne ya tsaya a gurbin dangin da ke can nesa. Rataya jakar ɗansa ba ta rage wa namiji komai.

Ƙa'idar dai guda ce, tsofaffi kuma sun riga sun faɗe ta: ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa jakar naƙuda kafin wata tara ya kama, a sake cika ta yau da kullum da zarar an dawo daga unguwa, a rataye ta kusa da ƙofa inda hannu zai same ta ko da an ɗauke wuta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.